Koyon Aikin Lantarki a Ƙasar da Ba Taka Ba: Me Ke Tsallake Iyaka, Me Ke Tsayawa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, faifan sola ya yawaita a kan rufin gidaje da shaguna da masallatan birnin Katsina, darajar wanda ya iya haɗa shi kuma ta ƙaru. A cikin wannan yanayi ne tallace-tallacen "karatun lantarki a ƙasar waje" suka shiga yawo a wayoyin matasa, wasu na gaskiya, wasu na 'yan damfara. A ɗaya gefen, unguwa irin Ƙofar Guga, inda ake kama hanyar Jibiya zuwa Magama, a wuce Ɗan Isa har Maraɗi, ta saba ganin samarin Nijar da ke zuwa neman sana'a a hannun dangi da iyayen gida. Wanda ya fita da wanda ya shigo, a idon hukuma sunansu ɗaya: ɗalibin ƙasar waje.

Ruɗanin da ke tattare da batun ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku da jama'a ke yi wa kallon abu guda: iya aiki, takardar shaida, da izinin yin aikin. Na farko yana tsallake iyaka ba tare da kowa ya tare shi ba. Na biyu sai an tantance shi, na uku kuwa kusan kullum sai an sake nemansa a ƙasar da aka sauka.

Matakan masu aikin wuta

A bakin jama'a duk wanda ya rataya jakar kayan aiki ya hau falwaya "injiniya" ne. Doka ba ta yarda da haka ba. Majalisar kula da aikin injiniya ta Najeriya, COREN, wadda aka kafa a 1970, ta kasa masu wannan aiki gida huɗu. Akwai mai sana'ar hannu, wato wanda ya iya wayarin (shimfiɗa wayoyi a gini), naɗin koyil na fanka da injin ruwa, ko gyaran janareta. Sama da shi akwai mai ƙaramar difloma, ND, wanda ya iya karanta zanen aiki, ya auna, ya gano inda matsala take. Sai masanin fasaha mai babbar difloma, HND, wanda ke jagorantar aiki a fili. Na ƙarshe shi ne injiniya mai digirin jami'a, wanda ke tsara aikin tun daga lissafi ya kuma sa hannu a kansa.

Abin da ake kira "fasahar injiniyancin lantarki" a kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda aka fi sani da foli, ya shafi mataki na biyu da na uku ne. Shi kuwa "koyon sana'a" kalma ce mai faɗi, ta haɗa yaron shago da ya shekara huɗu yana riƙe wa maigidansa tsani da ɗalibin da ke zaune a ɗakin gwaji. Duk wani talla da bai fayyace matakin da zai kai mutum ba, ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci.

Ƙofofin koyo a Katsina

Ƙofar da ta fi kowace faɗi ita ce ta shago. Uba ya kai ɗansa ga maigida, a yi yarjejeniya da baki, yaro ya fara da sassaƙa bango don binne bututu, ya koma jan waya, sannan a bar shi ya haɗa akwatin rarraba wuta. In ya ƙware a yaye shi da addu'a da walima. Ba a tambayar fasfo a nan, kuma Hausa ce harshen koyarwa, shi ya sa ɗan Madarunfa ko Tibiri na Nijar ba ya jin baƙunta. Raunin wannan hanya sananne ne: yaro yana gadon abin da maigida ya sani tare da kurakuransa, kuma sau da yawa ya iya yi ba tare da sanin dalili ba. Zai gaya maka kaurin wayar da ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki, amma in aka tsawaita nisa ko aka ƙara nauyi, lissafin ya kuɓuce masa.

Ƙofa ta biyu ita ce kwalejojin fasaha na matakin sakandare, irin na Mashi da Ingawa da Funtuwa, inda ake zana jarrabawar hukumar NABTEB da aka kafa a 1992. Akwai kuma cibiyoyin gajeren horo, kamar ƙauyen koyon sana'o'i na matasa da aka buɗe a Katsina zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema.

Ta uku ita ce foli. Kwalejin Hassan Usman Katsina da ke kan hanyar Dutsin-ma tana kan wannan mataki tun 1983, kuma hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tsara manhaja da tantance kwasa-kwasan irin waɗannan makarantu a faɗin ƙasar. Tsarin shi ne shekara biyu na ND, shekara ɗaya ta aikin sanin makama a kamfani, sannan shekara biyu na HND. Shiga yana buƙatar kiredit a darussa irin su lissafi da fizis, da kuma jarrabawar JAMB. Nan ne baƙo ke fara cin karo da katanga.

Baƙon da ba baƙo ba

Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar kilomita casa'in ce ko kusa da haka, kuma tarihin garuruwan biyu ɗaya ne: sarakunan Haɓen Katsina da jihadi ya fitar a farkon ƙarni na 19 su suka kafa Maraɗi, har yau kuma sarautar can Sarkin Katsina ake kiranta. Aure da kasuwa da karatun allo ba su taɓa sanin iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba. Karatun boko ne ya san ta, ya kuma tsaya a kanta.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa ɗan Nijar yana zuwa ne don ƙasarsa ba ta da makarantun fasaha. A Maraɗi kanta akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, wadda ta daɗe tana yaye masu ilimin lantarki, akwai kuma sashen fasaha na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. A Yamai akwai makarantar ma'adinai da masana'antu, EMIG. Takardunsu na tsarin Faransa ne: CAP da BEP ga mai sana'a, Bakaloriya ta fasaha, sai BTS ko DUT bayan shekara biyu, waɗanda a zahiri suka yi kusa da ND.

Dalilan zuwa Najeriya na daban ne. Kasuwar kayan lantarki ta Kano ita ke ciyar da yankin, don haka wanda ya koyi aiki a nan ya san kayan da zai tarar a kasuwar Maraɗi. Turanci ya zama abin nema, domin da shi ake rubuta mafi yawan takardun bayanin inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Sannan akwai kuɗi: sefa tana ɗaure da yuro, ita kuwa naira ta faɗi ƙwarai tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Faɗuwar da ta sa karatun waje ya gagari Bakatsine ita ce ta sauƙaƙa wa Bamaraɗe zaman Katsina.

Matsalarsa ta fara ne ranar da ya so shiga aji. Bakaloriyarsa sai ma'aikatar ilimi ta tarayya da ke Abuja ta tantance ta, kuma ko ta wuce, zai zauna a aji da harshen da bai yi karatu da shi ba. Abin da ya fi ban takaici shi ne, malamin da ɗalibin da abokan ajinsa duk Hausa suke yi da zarar an fito waje. Kundin da gwamnatin Nijar ta fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, amma littafin lantarki na matakin difloma har yanzu da ɗayan waɗannan biyun ake karanta shi a kowane gefe.

Dokar zama ma ta sauya fuska. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan ƙasar ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, kodayake ECOWAS ta ce a ci gaba da mutunta zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har sai an yanke wata shawara. Wanda zai fara karatun shekara biyar ya dogara ke nan da sassaucin da ba a sa masa wa'adi ba. Mutanen Jibiya kuma ba su manta ba cewa an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Wutar ɗaya ce, ƙa'idar biyu

Wutar da ke haskaka Maraɗi da Damagaram tana bi ne ta layin kilobolt 132 da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa, kamfanin NIGELEC ya rarraba ta. Kafin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa. Ƙarfin wutar gida a ƙasashen biyu kusan ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230, da bugu 50 a daƙiƙa. Fanka ba ta san ƙasar da aka kunna ta ba.

Amma ƙa'idar shimfiɗa waya ta rabu tun zamanin mulkin mallaka. Najeriya ta gaji ta Ingila, da soket mai ramuka uku masu kusurwa da fis a cikin filogi. Nijar ta gaji ta Faransa, mai filogi zagayayye. Wannan bambanci mai sauƙi ne, ido na ganinsa. Mai haɗarin shi ne na launin waya. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu shi ya fi yawa a gine-ginen Najeriya, ja da rawaya da shuɗi su ne layuka uku masu ɗauke da wuta, baƙar waya kuma ita ce nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta. A tsarin Faransa shuɗiyar waya ita ce nutural. Ingila da kanta ta koma wannan tsari tsakanin 2004 da 2006, don haka kayan da ake shigowa da su yanzu suna zuwa da sabon launi su haɗu da tsohon a gini ɗaya. Yaron da ya koyi aiki a Maraɗi zai iya buɗe akwatin injin niƙa a Katsina ya ɗauki shuɗiyar waya a matsayin marar haɗari, alhali tana ɗauke da wuta. Na Katsina kuma in ya je can zai iya haɗa layi a inda ba muhallinsa ba ya ƙona kayan mutane.

Ƙwararre ba ya yarda da launi sai ya auna, amma wannan tarbiyya ce da ake koya. Irin wannan gurbi ne horo na musamman ga baƙin ɗalibai ya kamata ya cike, kuma bai fi darasin makonni kaɗan ba. Wanda ya nufi nesa zai tarar da bambancin da ya fi haka: Amurka da Kanada suna kan bolt 120 da bugu 60, Saudiyya ma bugu 60 take, abin da ke sauya gudun injin da ke aiki da lantarki.

Wanda ya fita daga Katsina

Ƙasashen da ake yawan ambata ba tsari ɗaya suke da shi ba. A Jamus koyon sana'ar lantarki shekara uku da rabi ne, wani ɓangare a kamfani wani a makaranta, ana kuma biyan mai koyo albashi. Dokar shigar ƙwararru da ta fara aiki a watan Maris na 2020 ta buɗe wa 'yan wajen Turai wannan ƙofa, amma sai mutum ya iya Jamusanci daidai gwargwado kuma wani kamfani ya ba shi kwantiragi. A Sin akwai kwalejojin sana'a masu yawa da ke ɗaukar baƙi, wasu da tallafi, sai dai takardarsu ta shekara uku difloma ce, ba ta kai digiri ba, komai kyan ginin da ke cikin hoton talla. Kanada ta taƙaita yawan bizar ɗalibai a watan Janairun 2024, a watan ne kuma Birtaniya ta hana mafi yawan ɗalibai tafiya da iyali.

Komawa gida ma yana da nasa sharaɗin. Takardar waje sai ma'aikatar ilimi ta tantance ta kafin a shiga bautar ƙasa ko aikin gwamnati. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni shida, gwamnatin tarayya kuma ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a watan Janairun 2024. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can sun sha wahala tare da na bogi. Biyan dillali kuɗi kafin a san matsayin makaranta a wajen ma'aikatar sayen kifi ne a ruwa.

A matakin duniya akwai yarjejeniyoyin amincewa da takardun juna: ta Washington ta 1989 ga injiniyoyi, ta Sydney ta 2001 ga masana fasaha, ta Dublin ta 2002 ga masu ƙaramar difloma. COREN ta samu shiga ta farkon a matsayin wucin gadi a 2023. Wannan ya shafi masu digiri ne, ɗan foli bai shiga ciki ba.

Ko an wuce duk wannan, izini daban yake. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba da lasisin aikin shimfiɗa lantarki bisa matakin ƙarfin wutar da mutum zai taɓa. Difloma daga Sin ko Jamus ba ta maye gurbin wannan lasisi, kamar yadda lasisin NEMSA ba ya aiki a Maraɗi.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan fita waje suna cewa ɗakunan gwajinmu sun tsufa, ɗalibi na iya gama difloma bai taɓa na'urar sarrafa injinan masana'anta da hannunsa ba. Suna kafa hujja da tashar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10, wadda aka ba wani kamfanin Faransa aikinta ta kuma shafe shekaru ba ta kammalu ba, suna cewa da akwai ƙwararrun gida da dogaro da baƙi bai kai haka ba. Hujjar na da ƙarfi a fannin manyan na'urori, kodayake jinkirin Lambar Rimi ya haɗa da matsalar tsaro da ta kuɗi, waɗanda horo ba ya magancewa.

Masu adawa suna cewa wanda ya koyi aiki inda wuta ba ta ɗaukewa zai dawo bai san yadda ake haɗa layin kamfanin wuta na KEDCO da janareta da sola a gida ɗaya ba, alhali wannan shi ne aikin yau da kullum a Katsina. Suna ƙara da cewa wanda ya ƙware a can ba lallai ya dawo ba. Iyayen gida a shaguna kuwa suna da nasu ƙorafin a kan 'yan makaranta gaba ɗaya: takarda a hannu, filaya ta gagara.

Akwai kuma masu ganin cewa guraben makarantun jiha na 'yan jiha ne, bai kamata a raba da baƙo ba. A kan tallafin kuɗi suna da gaskiya, domin shirin koyon sana'a da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2025, mai ba da alawus na wata-wata, don 'yan ƙasa aka yi shi. A kan gurbin da baƙo zai biya kuɗinsa kuwa hujjar ta yi rauni a garin da tun zamanin hasumiyar Gobarau aka san shi da saukar masu neman ilimi.

Wani abin da ke ingiza matasa waje ba shi da alaƙa da ingancin karatu. Bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri a aikin gwamnati ya daɗe yana rage wa foli kwarjini. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Muddin haka ta ci gaba, uba zai fi son a ce ɗansa yana waje, ko da abin da zai dawo da shi bai kai HND ɗin Katsina ba.

Abin da ka iya biyo baya

Buƙatar masu aikin na ƙaruwa a gefen biyu. Katsewar layin Shiroro a watan Oktoban 2024 ta bar mafi yawan Arewa cikin duhu na kwanaki, ta kuma tura masu hali da yawa ga sola. Yanke wa Nijar wuta a 2023 ya yi irin wannan tasiri a can, a shekarar da tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki kusa da Yamai. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohin Najeriya ikon tsara kasuwar wutarsu. Sola kuma ta kawo nata haɗarin: wutar batir da faifai ba ta mutuwa don an kashe mita, tartsatsinta ya fi na wutar gida wuyar yankewa, kuma siririyar waya tsakanin batir da inbata na iya tayar da gobara. Da yawa daga cikin iyayen gidan da ke koyar da yara yau sun ƙware ne kafin zuwan waɗannan kaya.

A ganin mai wannan sharhi, gyaran da ya fi araha yana nan kusa. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ta daɗe tana yin gwajin sana'a mai daraja uku, daga ta uku zuwa ta ɗaya, NBTE kuma tana da tsarin NSQ da ke ba da shaida bisa abin da mutum ya iya nunawa da hannunsa, ko a shago ya koya. Wannan shi ne ya dace da yaron Ƙofar Guga da bai da isassun kiredit, shi ne kuma ya dace da ɗan Maraɗin da Turanci ya tare wa hanya, in har an yarda a yi masa tambayoyin baki da Hausa. Abin da ya rage shi ne hukumomin ƙasashen biyu su zauna su daidaita wace takarda ce ta yi daidai da wace: CAP da shaidar NABTEB, BTS da ND. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar mai mazauni a Yamai, kuma ficewa daga ECOWAS bai hana irin wannan yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa ba.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, zai bi ta Katsina da Jibiya. Tashoshinsa da siginoninsa za su buƙaci masu kula da lantarki a gefen iyaka biyu, kuma kamfanin da zai ɗauke su takarda zai tambaya kafin ya duba hannu.